Inshorar gida mai shimfiɗaɗɗen rufi a Birtaniya: shafin kwatanta farashi, dillali, ko a fara da gyaran rufin?

Duk wanda ya sayi gida a Birtaniya da kuɗin banki sai ya yi wa ginin inshora, ko bankin da aka saba ne, ko tsarin sayen gida na bankin Musulunci. A Ingila da Wales ma alhakin yakan hau kan mai saye tun ranar da lauyoyi suka yi musayar kwantiragi, kafin makulli ya shigo hannunsa. Shi ya sa yawancin 'yan'uwanmu ke cika fom ɗin a gurguje, ga lauya yana jira, ga banki yana jira. A cikin tambayoyin kuwa akwai wadda ake wucewa da gudu alhali ita ce ke iya hana mutum diyya ranar da ruwa ya keto silin: kashi nawa ne na rufin gidanka shimfiɗaɗɗe?

Mutum ya tsaya a titi ya ɗaga kai, ya ga tayil da gangara, sai ya rubuta babu. Bai tuna da kicin ɗin da tsohon mai gidan ya ƙara ta baya ba, ko garejin da ke manne da bango, ko ɗakin da aka fitar a saman bene wanda tagarsa ta ɓullo daga cikin rufi. Galibin waɗannan rufinsu a shimfiɗe yake. A ƙa'idar gini ta Birtaniya, duk rufin da gangararsa ba ta wuce digiri 10 ba shimfiɗaɗɗe ne, ko da ido na ganin ya ɗan karkata.

Lissafin ba shi da wuya, amma yakan ba mutum mamaki. A ɗauki gidan layi irin na Bradford ko Birmingham, faɗinsa mita 5, zurfinsa mita 8, wato murabba'in mita 40. An ƙara kicin mai zurfin mita 3 ta baya, wanda shi ne gwargwadon da ake yawan yi a gidajen da ke manne da juna ba tare da neman cikakken izinin gini ba. Ƙarin ya zama murabba'in mita 15 cikin 55, kashi 27 cikin 100 ke nan. Idan kuma an fitar da ɗaki a sama mai rufin murabba'in mita 12, sai a tashi da 27 cikin 55, dab da rabi. Gidan da daga titi ba ka ganin komai sai tayil. Hoton tauraron ɗan'adam na Google Maps yana nuna wannan a fili, kuma rahoton safiyon da ya duba gidan kafin a saya yakan faɗi irin rufin da yanayin da yake ciki. Garejin da ke tsaye shi kaɗai a gefe, wasu kamfanoni na sa shi a lissafi, wasu ba sa sawa, don haka a tambaya.

Me ya sa kamfanonin inshora ke ɗari-ɗari da irin wannan rufi? Wanda ya tashi a gidan soro a Kano ko Zariya ko Damagaram ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ya san rufin da ruwa ba ya gangarewa daga kansa sai an bi shi da yaɓe kafin damina, an kuma fasa indararon da ya toshe, in ba haka ba azara ce za ta ji jiki. A Birtaniya ba a jiran damina, ruwan kusan duk shekara ne, ga sanyin da ke daskarar da ruwan da ya kwanta ya buɗe tsaga, ga ganyen kaka da ke toshe bututu. Ƙa'idar aikin ta ce bayan an gama rufin ya kamata ya kasance da gangarar aƙalla 1 cikin 80, amma katakon da ke ƙasa yana lotsawa da tsufa, sai ruwa ya sami wurin zama. Akwai kuma maganar ɓarayi: rufin kicin matakala ce zuwa tagar bene. Shi ya sa ko ɗan haya da kayan ɗakinsa kawai yake son yi wa inshora sai a yi masa wannan tambayar.

Hanya ta farko, wadda kowa ke fara bi, ita ce shafukan kwatanta farashi irin su Compare the Market, MoneySuperMarket, Confused.com da Go.Compare. Ga gidan da shimfiɗaɗɗen ɓangarensa kaɗan ne, a ganina babu dalilin wahalar da kai da wata hanyar. Kamfanoni da yawa za su fito, farashin ba zai yi nisa da na maƙwabcinka mai rufin tayil zalla ba, a zama ɗaya ka gama. Matsalar tana farawa ne idan aka haura wani mizani. Kowane kamfani da nasa: wasu daga kashi 25, wasu daga 30 ko sulusi, wasu sai an kai rabi. Da ka wuce shi za ka ga jerin ya ragu, wasu sanannun sunaye sun ɓace, waɗanda suka rage kuma sun ɗaga farashi ko sun liƙa sharaɗi.

A nan ne Shaiɗan ke raɗa wa mutum cewa ya ɗan rage adadin. Ka rubuta 20 maimakon 35, farashi ya sauko, wa zai hau rufin ya auna? Ranar da ka nemi diyya za a hau. Kamfanin zai turo mai tantance ɓarna, kuma abin da zai fara dubawa ke nan. Dokar da ke aiki a nan ta 2012 ce, ta fara aiki a watan Afrilun 2013, kuma ta ɗora wa mai sayen inshora nauyin yin taka-tsantsan wajen amsa abin da aka tambaye shi. Idan aka tabbatar da gangan ya faɗi ba daidai ba, ko ko-in-kula ya yi, kamfanin na da ikon soke inshorar tun daga tushe, ya ƙi biya, ya kuma riƙe kuɗin da aka ba shi. Idan sakaci ne kawai, sai a duba abin da kamfanin zai yi da ya san gaskiya. In da ma ba zai karɓi gidan ba, sai ya soke ya mayar maka da kuɗinka. In da zai karɓa da farashi mafi tsada, sai a rage diyyar daidai gwargwado. Misali, ka biya fam 300 alhali fam 400 ya kamata ka biya, to kashi uku cikin huɗu na ɓarnar za a ba ka. A ɗigar silin wannan da sauƙi. A gobarar da ta cinye bene, rubu'in da ka rasa zai iya fin abin da ka tara a shekaru. Kuma wanda aka taɓa soke wa inshora, duk fom ɗin da zai cika nan gaba sai an tambaye shi, daga nan ƙofofi da yawa sun rufe.

Wani abu game da waɗannan shafuka: amsar da ka bayar a can ba kullum take isa ga kamfanin yadda ka rubuta ta ba, domin tambayar shafin da ta kamfanin kan bambanta. Bayan ka biya za a aiko maka da takardar da ke jera bayanan da aka gina inshorar a kansu. Nemi layin rufi ka karanta. Idan ba daidai ba ne, kira su a gyara. Doka ta ba ka kwana 14 na fasa ciniki, ko da yake ana iya cire kuɗin kwanakin da suka wuce da ɗan ladan ofis.

Hanya ta biyu ita ce dillalin inshora ko kamfanin da ya ƙware a gidajen da ba su bi tsarin da aka saba ba, irin su Homeprotect da Adrian Flux. Ƙungiyar dillalan inshora ta Birtaniya, BIBA, tana da sashen da ke haɗa mutum da dillalin da ya dace da irin gidansa, kuma kafin ka ba kowa kuɗi ka duba sunansa a rajistar FCA, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin kuɗi da inshora. Amfanin dillali shi ne da mutum kake magana. Fom ba ya bambance rufin da aka sabunta bara da wanda ya shekara 25, sai dai idan an sa tambayar. Dillali kuwa za ka iya tura masa rasit da takardar garanti da hotuna, ya kai wa kamfanin da zai saurara. Gidan da rabin rufinsa ko fiye a shimfiɗe yake, sau da yawa nan ne kaɗai zai sami inshorar kirki. Abin da za ka biya a madadin haka shi ne ladan dillali, da lokaci, da kuma farashin da yakan ɗara na shafukan intanet, ko da yake ba kullum ba. Ka tambayi ladan tun farko, har da abin da suke caja idan ka canza wani abu a tsakiyar shekara.

Sai dai kada a ɗauka cewa kalmar ƙwararre na nufin sassauci. Sau da yawa kamfanin da ya yarda ya karɓi gidan shi ne mai sharaɗi mafi tsauri, kuma a nan ne ainihin kwatancin yake, ba a farashi ba. Sharuɗɗan rufi ba a cikin babban littafin inshorar ake samunsu ba yawanci, suna cikin 'yar takardar da aka rubuta sunanka da adireshinka, can ƙasa. Wanda aka fi gani shi ne na dubawa: dole ƙwararren mai aikin rufi ya duba shi duk bayan wasu shekaru, a gyara abin da ya gano, a kuma ajiye shaida a rubuce. Tazarar ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, wani shekara biyar, wani ƙasa da haka, wani har goma. Wani sharaɗin kuma ya shafi kuɗin da kai za ka fara fitarwa daga aljihunka kafin kamfanin ya biya sauran, inda ake ninka shi idan ɓarnar ta shimfiɗaɗɗen rufi ce. Mafi muni shi ne wanda ke cire ɓarnar guguwa gaba ɗaya idan rufin ya wuce wasu shekaru. Inshora mai wannan sharaɗin a kan tsohon rufi, komai arahar ta, takarda ce kawai ta nuna wa banki.

Don haka idan tayi biyu na gabanka, ɗaya fam 280 da sharaɗin dubawa duk shekara biyu da babban kuɗin aljihu, ɗayan fam 340 babu sharaɗi, kada ka tsaya a bambancin fam 60. Haɗa da kuɗin kiran mai rufi, sannan ka tambayi kanka gaskiya: ni mai tuna irin wannan ne? Wanda ke aikin dare a asibiti, ga yara, ga tafiya gida duk shekara, ya fi masa alheri ya sayi wadda ba ta jingina da tunawarsa ba. Akwai ɗan sauƙi a doka: tun Agustan 2016, kamfani ba zai fake da saɓa wani sharaɗi ya ƙi biyan ɓarnar da ba ta da alaƙa da shi ba. Rashin duba rufi ba hujja ba ce ta ƙin biyan gobarar da ta tashi daga tukunyar gas. Amma a kan yoyo, hujja ce mai ƙarfi.

Yanzu ga abin da ya fi jawo rigima, kuma ya shafi hanyoyin biyu duka. Inshorar gida ba ta biyan tsufa. Tana biyan abin da ya faru farat ɗaya: gobara, guguwa, ambaliya, fashewar bututu, faɗuwar bishiya. Rufin da ya bushe ya tsattsage a hankali har ruwa ya sami hanya, wannan gyaran mai gida ne, kuma a wajen kamfanin, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Guguwar ma ba kowace iska ba ce. Ma'anar da ƙungiyar kamfanonin inshora ta ABI ta bayar, wadda kamfanoni da dama ke bi, ita ce iska mai gudun aƙalla mil 55 a awa, ko ruwan sama na milimita 25 a awa ɗaya, ko dusar ƙanƙara mai zurfin santimita 30 cikin awa 24, ko ƙanƙarar da ta kai ta fasa gilashi. Irin guguwar Eunice ta Fabrairun 2022, da aka auna iskar mil 122 a awa a tsibirin Wight, babu mai musu a kanta. Amma ruwan da ya kwana uku yana zuba a hankali a Manchester ba guguwa ba ne a wannan ma'auni, alhali shi ne ya fi fallasa tsohon rufi.

Idan kamfani ya ƙi biya, akwai hukumar sasanta ƙorafi, Financial Ombudsman Service, kuma kyauta ce. Sai ka fara kai kuka ga kamfanin, yana da mako takwas ya ba da amsar ƙarshe, kai kuma kana da wata shida daga nan ka kai gaba. Tambaya uku hukumar ke yi a shari'ar guguwa: an yi guguwa a lokacin? Ɓarnar ta yi kama da wadda guguwa ke yi? Guguwar ce babban dalili, ko dai ta tona abin da ya riga ya lalace? A ta ukun ne masu shimfiɗaɗɗen rufi ke yawan faɗuwa, kuma a nan ne rahoton dubawa na bara da hotuna masu kwanan wata ke ceton mutum, ko da inshorarsa ba ta shar'anta su ba. Sannan akwai ƙarin kariya ta ɓarnar tsautsayi da ake saya daban. Ba za ta sake maka rufi ba, amma a wasu tsare-tsaren takan biya silin da fenti da kafet ɗin da ruwa ya ɓata idan abin ya zo ba zato. Ga mai irin wannan gida ina ganin ta cancanci kuɗinta, bayan an karanta abin da ta cire, domin wasu na cire ruwan da ya shigo a hankali. Kariyar gaggawa kuwa, wadda ake turo ma'aikaci ya toshe ɓaraka da dare, faci ne na wucin gadi, kuma wasu ma ba sa haɗawa da shimfiɗaɗɗen rufi.

Wannan ya kawo mu hanya ta uku, wadda ba inshora ba ce amma takan fi sauran biyun tasiri: a sake rufin. Abin da aka lulluɓe shi da shi na da muhimmanci ƙwarai. Tsohuwar takardar kwalta da aka shimfiɗa kan katako, wadda ta cika ƙare-ƙaren ginin shekarun 1970 da 1980, ita ce kamfanoni suka fi tsoro, domin takan gaji cikin shekara 10 zuwa 15. Irin ta zamani da ake liƙawa da wuta ta fi ta ƙarko. Robar EPDM, wadda a ƙaramin rufi ake shimfiɗa ta falle ɗaya babu haɗi, takan wuce shekara 30. Faibagilas yana da tauri, ana iya taka shi, amma yana son busasshen yanayi ranar aiki da kuma hannun gwani, in ba haka ba ya tsage. Narkakkiyar kwalta kan kankare da rufin darma sun fi duka daɗewa, sai dai darma na da tsada, ɓarayi kuma na son ta.

Idan rufinka na takardar kwalta ne, ya haura shekara 15, ka ga kumbura ko tsaga ko ruwa na kwana a kansa bayan an ɗauke, to kwatanta kamfanoni ɓata lokaci ne, domin babu wanda zai biya yoyonsa. Sake shi zai ci dubban fam, kuma kada wani ya yaudare ka cewa ragin da za ka samu a inshora zai mayar maka da kuɗin, ba zai mayar ba. Ribar tana wani wuri: kamfanoni da yawa za su karɓe ka, sharuɗɗa za su yi sauƙi, ranar guguwa kuma babu mai ce maka tsufa ne. Idan za a sake mafi yawan rufin, dokar gini takan buƙaci a inganta abin tare sanyi a lokaci guda. Ɗauki ma'aikacin da ke cikin tsarin ƙungiyar masu rufi ta NFRC da ke ba shi damar tabbatar da aikinsa ya fitar maka da takardar shaida, ko kuma a sanar da sashen kula da gini na ƙaramar hukuma. Nemi garantin da inshora ke mara wa baya, domin garantin shekara 20 daga kamfanin da ya rushe bayan shekara uku ba ya tare ruwa. Kuma ka gaya wa kamfanin inshorarka kafin a kafa katakon hawa, saboda yawancinsu na son a sanar da su babban aiki.

To wa ya kamata ya bi wace? Wanda shimfiɗaɗɗen ɓangarensa bai kai rubu'i ba kuma rufin na da lafiya, ya tafi shafukan kwatanci, ya faɗi adadin gaskiya, ya karanta sharaɗi. Wanda ke tsakanin rubu'i da rabi ya gwada duka biyun a mako guda, ya ajiye takardun gefe da gefe. A wannan rukunin ne na fi ganin dillali na yin abin mamaki, musamman idan akwai rasit na sabon rufi. Wanda ya haura rabi ya fara da dillali kai tsaye. Mai siyan gida da safiyo ya rubuta masa cewa rufin ya kusa ƙarewa, ya yi amfani da wannan rahoton ya nemi ragi a farashin gidan tun kafin musayar kwantiragi, domin bayan nan nauyin nasa ne. Mai fulat a dogon bene kuma galibi ba shi ke sayen inshorar gini ba, mai filin ko kamfanin da ke kula da benen ne ke yi, ana cire kuɗin a cikin kuɗin hidima, nasa shi ne inshorar kayan ɗaki.

Kowace ka zaɓa, adadin da ake yi wa inshora shi ne kuɗin sake gina gidan, ba farashinsa a kasuwa ba, kuma dole ya haɗa da ƙarin ginin da ya jawo duk wannan magana. Akwai ma'aunin lissafi na BCIS, cibiyar da ke tattara bayanan kuɗin gini, a intanet da masu gida ke amfani da shi kyauta. Lokacin sabuntawa ma kada a bar ta ta sabunta kanta ba a duba ba. Tun Janairun 2022 an hana kamfani cajin tsohon abokin ciniki fiye da yadda zai caji sabon da ya sayi inshorar ta hanya iri ɗaya, amma wannan bai hana shi sauya sharaɗin rufi ba, kuma rufin da ya shekara tara bara, bana ya cika goma, wanda a wasu kamfanoni daga nan sharaɗin dubawa ke fara aiki.